Neman shawara: matakan tsarin jiki huɗu ne ko shida? Ranar Litinin za a shigo ajina

Abdul Anguwar Rogo: Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Ni kemistiri na karanta, shi aka ɗauke ni in koyar a wata makarantar kuɗi nan cikin Jos. Malamin bayoloji ya ajiye aiki kan maganar albashi, sai mai makaranta ya ce in riƙe darasinsa kafin a samo wani. Ko sisi ba a ƙara mini ba. Ga kuɗin Keke kullum, ga iyalina ta kusa sauka, ga mai gidan haya ya fara gaishe ni sau biyu a rana. Ba zan iya cewa a'a ba.

To ranar Litinin mai makarantar zai zauna a aji ya ga koyarwata, darasin kuma matakan tsarin halitta ne. Rubutun da tsohon malamin ya bari ya ce huɗu ne: ƙwayar halitta, tishu (tarin ƙwayoyin halitta masu aiki ɗaya), gaɓa, sai sistem (gaɓoɓin da ke aiki tare). Littafin ƙanwata mai karatun nas ya ce shida. Wanne zan bi? Har wata yarinya ta tambaye ni ko jini tishu ne ko gaɓa, na ce za mu zo wurin.

Maman Hanifa: Wane aji ne? Ba ka faɗa ba. Amma Allah ya isa tsakaninmu da masu makarantun nan. Kowane zango sai an ƙara kuɗi, har da kuɗin ɗakin gwaji, alhali 'yata ba ta taɓa leƙa maikiroskof ba.

Malam Tanimu: Ɗana, saurara. Na daɗe ina cin alli a wannan darasi. Manhajar WAEC za ka bi, ba littafin nas ba. Huɗu ne, kuma kowanne da misalinsa. Matakin ƙwaya ɗaya: amiba, yugilina, faramishiyam. Matakin tishu: haidira, wata 'yar ƙaramar dabbar ruwa. Gaɓa: zuciya da kan albasa. Sistem: kamar na narkar da abinci, daga baki zuwa maƙoshi, tumbi, hanji. Ka faɗa musu Robert Hooke na Ingila ne ya fara bayanin ƙwayar halitta a 1665 da ya duba ɓawon itace. Jini kuwa tishu ne, cikin nau'in da ke haɗa sassan jiki, tare da ƙashi da guringuntsi da kitse. Magana ta ƙare.

Sista Bilki: Baba Malam, da girmamawa, ba ta ƙare ba. Shidan ma daidai ne: ana farawa da matakin sinadari, wato atom da molekul, sannan huɗun nan naku, a rufe da mutum gaba ɗayansa. Malam Abdul, nan ne ma gonarka. Ɗauki sikila, wadda babu ajin da za ka shiga a Jos ba a san ta ba. Matsalar daga molekul ɗin himogulobin take, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini; amino asid guda ɗaya, cikin tubalan da suka gina shi, ne ya canja. Shi ke lanƙwasa jar ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120, mai sikila kuwa 10 zuwa 20. Sai ta toshe ƙananan jijiyoyin jini, saifa da ƙoda da ƙashi su sha wahala, yaro ya kwana yana kuka. Ka ga daga molekul har mutum a zance ɗaya.

Malam Tanimu: Sista, asibiti daban, jarrabawa daban. Mai makin takarda ba ruwansa da lauje. Irin wannan ne ke rikita yara.

Abdul Anguwar Rogo: Aji ɗaya ne na babbar sakandare, Hajiya. Na gode Baba, na gode Sista. Amma gaskiya na riga na zana shidan a kwali tun daren jiya, kuɗin kwali da alƙalamin maka daga aljihuna. Kuma mai makarantar yana son ya ga abu ya yi yawa a allo.

Malam Tanimu: To me ya kawo ka tambaya?

Sani Mai Lesin: Ni dai shawarata kada ka koyar da komai sai an yi maganar kuɗi. Haka aka yi mini, na riƙe lissafi da fiziks, ƙarshe aka kawo ɗan yayar mai makaranta aka ce na yi tsada.

Malam Tanimu: Bar wannan. Ka je Abatuwa da sassafe ka sayi zuciyar sa, ka biya Farin Gada ka ɗauki albasa. Yanka zuciyar a gabansu su ga ɗakunanta huɗu, su taɓa kaurin tsokar ɓangaren hagu, wanda ke tura jini zuwa jiki duka. Nuna musu cewa gaɓa ɗaya ta tara tishu iri huɗu: tsoka, jijiyar saƙo, mai haɗa sassa, da shimfiɗar da ta lulluɓe cikinta. Albasar kuma ka ɓare siririyar fatar ciki ka sa a maikiroskof. Yaga kwalin nan.

Abdul Anguwar Rogo: Baba, maikiroskof ɗin yana ofis a kulle, ba a ba ni makulli ba. Zuciyar kuma wa zai biya? Kwalin dai zan shiga da shi, in ya so in ce musu biyun ƙari ne.

Sista Bilki: In za ka kawo maganar sikila ka bi a hankali, ƙila akwai mai ita a ajin.

Maman Hanifa: Wai makarantar a wace unguwa take? Gabana ya faɗi, kada dai ta su Hanifa ce.