A-kori-kura matsakaiciya da babba: mu tsayar da magana ɗaya

Jama'a masu rubuta labaran motoci da Hausa, ku matso kusa. Amurkawa sun raba motar da suke kira pickup gida-gida, kuma gidaje biyun da mai saye ya fi ruɗewa a tsakaninsu su ne midsize da full-size. Kowa na rubuta su yadda ya ga dama. Wani ya bar su da Turancinsu, wani ya ce "mai cikakken girma", wani ya ce Hilux ya wuce abinsa. 'Yan'uwa sun kawo shawarwari iri-iri a kan kalmomin da za mu ɗauka, su zan bi ɗaya bayan ɗaya. Ina so mu tsayar da magana ɗaya.

Sunan motar kanta ba ya buƙatar taro: a-kori-kura. Magabata sun riga sun yi wannan aikin, kuma sun iya. Mota ce da ta zo ta karɓe aikin kurar da ake turawa da hannu, kurar dako ke nan, ba ta dawa ba. Malamin da ya kawo "fikof", na ji ka, ban kuma musa cewa ana faɗa ba, amma me zai kai mu aro da namu a ɗaka? Kiran kowacce Hilux kuwa shi ya fi ɓarna a nan, don Hilux sunan ƙirar kamfani guda ne, kuma ba a ma sayar da ita a Amurka. Tun 1995 Toyota ta maye gurbinta a can da Tacoma.

To, nan ne gizo ke saƙar. In ka ce wa mai karatunmu a-kori-kura, Hilux yake gani a ransa, kuma a idonsa babbar mota ce. A ma'aunin Amurka kuwa mai girman Hilux ita ce ta tsakiya. Tacoma, Ford Ranger, Chevrolet Colorado, GMC Canyon da Nissan Frontier duk 'yan wannan ajin ne. Waɗanda ake kira full-size suna samansu: Ford F-150, Chevrolet Silverado 1500, Ram 1500, GMC Sierra 1500 da Toyota Tundra. Saboda haka ko wace kalma muka zaɓa wa midsize, a fitowarta ta farko cikin rubutu sai an rakata da "wato mai girman Hilux". In ba haka ba, mai karatu zai sauko da komai mataki ɗaya ƙasa.

An kawo kalmomi uku: tsaka-tsaki, madaidaiciya, matsakaiciya. Tsaka-tsaki ya fi dacewa da mutumin da bai ɗauki ɓangare a rigima ba. Madaidaiciya tana da daɗin baki, Hajiyar da ta kawo ta, amma kalmar dillali ce. Ta riga ta yanke hukunci cewa wannan ce daidai, ta ƙasa ta gaza, ta sama ta yi yawa, mu kuwa suna muke nema ba talla ba. Matsakaiciya ba ta yabo ba ta kushe, kuma gaskiya take faɗa, domin akwai ƙarama a ƙasanta tun da Ford ta fito da Maverick ta 2022, ga kuma Hyundai Santa Cruz. Wannan na ɗauka mun gama.

Full-size ce mai gardama. "Mai cikakken girma" Turanci ne da baƙaƙen Hausa, kuma yana sa a ji kamar sauran ba su gama girma ba, wata rana za su cika. "Cikakkiya" ma haka, sai ka ce Ranger rabin mota ce. Wasu sun ce a je ga jibgegiya, ko shirgegiya, ko ƙatuwa. Ba laifi, motar ta cancanci duka, amma in muka ƙarar da manyan kalmominmu a kan F-150, me za mu kira F-250 da F-350, da Silverado da Ram masu lambar 2500 da 3500? Waɗannan su ne na aikin ƙarfi, wasunsu ma taya huɗu gare su a baya. Ashe full-size ba ita ce ƙarshen girma ba. Ni dai na tsaya a kan babba, kalma mai sauƙi da ta bar wuri a samanta. Ƙarama, matsakaiciya, babba, sannan jibgegiya ta zauna tana jiran na aikin ƙarfi.

Wani ɗan'uwa ya ce mu bi yadda Amurkawa ke cewa a baki, mu kira ta "mai rabin tan". A'a. Tsohon suna ne da ya maƙale tun zamanin da abin da motar ke ɗauka ke nan. Yau hatta matsakaiciyar tana ɗaukar fiye da rabin tan. Su sun saba da sunan har sun daina jin lissafin da ke cikinsa, amma namu mai karatun zai ɗauke shi da gaske, ya zaci motar ba ta da ƙarfi.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so mu kiyaye, don ya fi sunan aji muhimmanci ga mai saye. Kalmomi biyu ne da ake yawan cakuɗawa: nauyin ɗauka da nauyin ja. Na farko shi ne duk abin da ya hau kan motar, kaya a bodi da mutanen da ke gidan gaba da gidan baya, har da direban. Na biyu shi ne abin da aka ɗaura mata a baya take ja a kan tayoyinsa. A wajen ja, tazarar babba ce ƙwarai. Ranger tana jan laba 7,500, kusan kilo 3,400, Colorado 7,700, sabuwar Tacoma 6,500. Tundra kuwa tana kai 12,000, F-150 da Silverado in an haɗa su yadda ya kamata suna haura 13,000, wajen kilo 5,900. (Laba nake cewa, don Allah, ba fam ba. Fam kuɗi ne.) A wajen ɗauka kuwa tazarar 'yar kaɗan ce. Matsakaiciya mai kyau tana ɗaukar laba 1,700 zuwa 1,800, kuma babbar da aka cika da kujerun fata da rufin gilashi tana iya sauka ƙasa da haka, domin kowane ƙyale-ƙyale yana cin nauyin da kaya za su ci. Lambar da ke cikin talla ta mota ɗaya ce tak da aka zaɓa. Ta motar da ke gabanka tana manne a jikin ƙofar direba, can ake dubawa. Kuma abin da ake ja yana danna wa motar wani kaso na nauyinsa, galibi 10 zuwa 15 cikin 100, wanda shi ma a cikin nauyin ɗauka ake lissafa shi. In muka rubuta "tana ɗaukar laba 13,000" a inda ya kamata mu ce "tana ja", mun sa mutum ya karya motarsa.

Girman da ake magana ma faɗi ne ya fi yawa a cikinsa. Babba tana kusan inci 80, mita biyu da ɗoriya ban da madubai, matsakaiciya kuwa tana tsakanin inci 73 zuwa 77. Waɗannan 'yan incin su ne ke sa manya uku su zauna a gidan baya ba tare da gogayyar kafaɗa ba, su ne kuma ke sa fakin a cikin gari ko shiga garejin gida ya zama aiki. Bodin matsakaiciya ƙafa 5 ne ko 6. Na babba 5 da rabi, 6 da rabi, ko 8. Falankin katako mai ƙafa 4 a 8, wanda magina a can ke auna komai da shi, yana kwanciya lafiya lau a bodin babba, a yawancin matsakaitan kuwa sai ya hau kan tudun taya.

Masu cewa a raba su da inji, a ce mai fulogi huɗu da mai fulogi takwas, zamani ya wuce ku. Toyota ta cire mai takwas daga Tundra tun ƙirar 2022, kuma injin mai fulogi huɗu da ke cikin Colorado shi ake sa wa Silverado mafi araha. Shan mai ma bai rabu yadda ake zato ba. Kuɗi kuwa ya fi komai rikiɗa: Tacoma TRD Pro ta 2024, wato samfurin da aka cika da kayan ƙari, ta haura dala 60,000, alhali F-150 ta ma'aikata, mara ado, ta fara a kusa da dala 40,000 a wannan shekarar. Don haka kada wani ya fassara matsakaiciya da "mai sauƙin kuɗi".

Saura ɗaya da ba mu warware ba. Abin nan da ake ɗaura wa motar a baya, Amurkawa trailer suke ce masa, amma da Hausa tirela babbar mota ce mai kai da dogon bodi, ba shi ba. In gidan kwana ne mai taya, "tafi-da-gidanka" ya wadatar. Amma wanda ake ɗora kwalekwale ko dawakai ko injin gona a kai fa? An ce amalanke, an ce keken ja, wani ma ya ce mu dawo da kura, tun da dai yanzu a-kori-kurar ce ke janta. Direbobi da makanikai da ke nan, ranku ya daɗe, me kuke ce masa a bakin aiki?