Latin ɗin lauyoyi: wa ya kira wa bawa?

Baban Ummi: Jama'a wlh lauyoyin nan sun ishe ni. Kan rigimar fili na je wurin ɗaya sai ce min yake an samo oda ex parte, wai a koma status quo, wai ɗan uwana ba shi da locus standi, kuɗi na biya amma na fito ban san na ci ko an ci ni ba. Su Ingila da suka kawo mana abin tun 1999 suka cire kalmomin Latin irin su ex parte da subpoena daga ƙa'idojin kotunsu, mu bayi muna nan mun rungume.

Barista MK: Malam ka janye kalmar bayi. Shekara biyar a jami'a ga makarantar lauyoyi, sannan ka kira mu bayi saboda ba ka tambayi lauyanka ba?

Ɗan Fagge: To me za a kira ku Barista? Har gobe dokokin Ingila na kafin 1 ga Janairu 1900 kuna kafa hujja da su, ga gashin doki a ka cikin zafin Afrilu.

Malam Tarihi: In bauta ce to su ma Ingilan bayi ne. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci su da yaƙi a 1066 Faransanci ya mamaye kotunansu, takardu kuma da Latin, Magna Carta ta 1215 ma, takardar da ta taƙaita ikon sarkinsu, da Latin take. A 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da Turanci, abin dariya ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta, Latin kuwa bai bar takardun kotu ba sai 1733.

Maman Khairat: Habeas corpus fa? Dokar 1679 ce, da ita ake tilasta a kawo wanda aka tsare gaban alƙali. Yaren bayi ne zai fitar da mutum daga kurkuku?

Ɗan Fagge: Hajiya ai kowa ya san maigidanki lauya ne.

Maman Khairat: Kar ka sa mijina a bakinka yaro.

Barista MK: A kotun shari'ar Musulunci alƙali yana cewa i'izari da bayyina, ban ji ka ce bauta ba.

Ustaz Gwale: Subhanallah! Barista ka ji tsoron Allah, Larabci za ka haɗa da yaren Rumawa?

Barista MK: Ni ban haɗa ba Ustaz, misali na kawo.

Ustaz Gwale: Misalin ne bai yi ba.

Baban Ummi: Ni dai wani ya faɗa min filin nawa ne ko a'a.

Admin: To an rufe. Abin da aka cimma: Latin ilimi ne, Malam Tarihi ya tabbatar su ma Turawa koyo suka yi, Barista ya amsa komai da hujja. Ɗan Fagge ka ba Hajiya haƙuri ko a cire ka. Masu neman lauya su biyo ni inbox, ofishinmu na buɗe har Asabar.