Albashin wata, kuɗin sati, hayar shekara: ya zan haɗa lissafin?

Salam 'yan uwa, dan Allah a ba ni shawara. Maigidana albashin wata yake ɗauka, 85,000, ni kuma a gidan biredi nake aiki duk Asabar ake sallamarmu 15,000. Haya 240,000 a shekara, kuɗin makarantar yara 45,000 duk zango, ga adashen 5,000 da nake zubi duk Juma'a. Ni dai na sati nake ninkawa sau huɗu in ce na wata kenan, amma wlh lissafin baya fitowa, wani watan kuɗi ya ragu wani watan sai mun ci bashin shinkafa a shagon layinmu.

Wani malamin firamare:
Wa'alaikis salam Hajiya. Ai sau huɗun nan ne matsalar, in ba Fabrairu ba babu watan da yake sati huɗu cif. Shekara sati 52 ce, to ki mayar da komai na shekara sannan ki raba 12. Naki 15,000 sau 52 ya zama 780,000, wato 65,000 a wata ba 60,000 ba. Adashen kuma 260,000, kusan 21,700 a wata. Haya 20,000. Makaranta zango uku 135,000, kin ga 11,250. In aka haɗa da na maigida 150,000 ke shigowa, kusan 53,000 nada mai shi tun kafin a ɗora tukunya.

Uwar 'yan biyu:
Gaskiya ne malam. Ki duba kalanda ma, watanni huɗu a shekara, wani lokacin biyar, Juma'a biyar ke faɗowa cikinsu, to a irin watan ne adashe ke cinye miki kuɗin cefane. Ni ranar da albashi ya shigo nake cire na haya in tura wani asusu da ko katinsa ban karɓa ba, don in yana hannu sai biki ya taso, anko kaɗai ya isa.

Wata daga Zariya:
Kun manta azumi da layya fa, kuma duk shekara matsowa suke da kamar kwana 11, ba za ki ce wata kaza ne ba. Kuɗin Asabar ta biyar ɗin nan kar ki taɓa shi, ki aje na Sallah.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, ashe 5,000 nake mantawa da ita duk wata. Malam, gas fa da muke cikawa duk sati shida?

Malamin:
Kusan sau tara kenan a shekara, ninka sau tara ki raba 12.