Neman shawara: ɗalibaina sun ce aljani ne a cikin waya

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ni ke riƙe da aji biyar a wata firamaren ƙauye a ƙasar Ringim, yara sittin da ɗoriya. Ranar Talata wani yaro ya ɗaga hannu ya ce yayansa da ya dawo daga ci-rani yana hira da wani abu a WhatsApp, duk abin da ya tambaya sai ya ba shi amsa nan take, har hoton doki ya zana masa. Kafin in buɗe baki wata yarinya ta ce ai aljani ne, kakarta ta faɗa. Aji ya kaure da gardama. Na ce musu ba aljani ba ne, ƙirƙirarriyar basira ce. Suka ce to mece ce ita, Malam? Nan na yi turus, kuma abin ya tsaya mini a rai har yau. Makarantarmu ba wuta ba kwamfuta, wayata ɗaya, ita ma sai na kai ta shagon caji. Don Allah ta yaya zan fahimtar da su?

Wata malama daga Gumel: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye wayar tukuna, alli da kwali sun ishe ka. Ka yanka kwali goma, ka zana awaki biyar duk jajaye, tumaki biyar duk farare. Ka ce wa yara yau su inji ne wanda bai taɓa shiga garke ba, abin da ke jikin kwalin nan kaɗai ya sani. Su fitar da dokar rarrabewa, ka rubuta a allo. Za su ce ja akuya, fari tunkiya, don ita ce mafi sauƙi. Sai ka fito da yaro ɗaya ya zama injin, ba shi da ikon karya dokar allo, ka miƙa masa wani sabon kwali mai zanen farar akuya. Dole ya ce tunkiya, aji ya fashe da dariya. To a nan darasin yake, kada ka yi gaggawar wucewa. Ka tambaye su laifin waye, na injin ko na wanda ya nuna masa jajayen awaki kaɗai? Da bakinsu za su ce a ƙaro zane, a dubi jela, ta akuya tana kallon sama, ta tunkiya tana reto. Haka na'urar gaske take koyo, daga misalan da mutane suka tara mata, sai dai nata dubbai ne ko miliyoyi.

Hedimasta mai ritaya, Birnin Kudu: Ɗana, niyyarka mai kyau ce, amma in tambaye ka: cikin sittin ɗin nan nawa ne ke karanta sakin layi ɗaya ba gargada? Kada wannan ya cinye lokacin karatu da lissafi. Minti ashirin a mako ya isa. Kuma tunda maganar aljani daga gida ta fito, ka fara sanar da hedimastanka da kwamitin iyaye, in da hali har da liman, kada a ji a gari wai malam yana ƙaryata kakanni a gaban jikoki.

Mai gyaran kwamfuta, Dutse: Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Malam, abin da yaron ya gani Meta AI ne, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke cikin WhatsApp. Irinsa da ChatGPT, wanda ya fito a ƙarshen 2022, aikinsu hasashen kalmar da za ta biyo baya ne. Gwada wannan a aji: ka ce "Komai nisan jifa..." ka yi shiru. Za su amsa "ƙasa zai faɗo." Ka tambaye su wa ya raɗa musu? Babu, yawan ji ne. Ita ma na'urar rubutun mutane mai tarin yawa aka ɗura mata, ta saba da abin da ke bin wani. Daga nan ka ƙirƙiro rabin karin maganar da ba su taɓa ji ba, za ka ga wasu sun cika ta da shaci-faɗi cikin ƙarfin hali. Na'urar ma tana yin haka, musamman da Hausa, don rubutunmu a intanet bai kai na Turanci yawa ba. Game da waya kuwa, jagorar da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2023 ta ba da shawarar shekara 13 kafin yaro ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji a aji, don haka ta zauna a hannunka. In Allah ya kawo muku kwamfuta da sola, ka nemi Scratch, wani shirin koya wa yara tsara wasanni a kwamfuta da aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka, kyauta ne kuma yana aiki ba intanet in an sauke shi.

Wata uwa daga Hadeja: Ni roƙona ɗaya, Malam, kada ka ɗauki hoton 'ya'yan mutane ko sunayensu ka saka a ciki don gwaji. Amana ce aka ba ka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, in sha Allahu ba zan yi ba. Baba, na je wurin hedimasta ya amince, ya ce zai yi wa kwamitin iyaye bayani ranar Juma'a. Malama, na yi wasan awakin yau da safe. Yarinyar da ta ce aljani ne ita na sa ta zama injin. Da na miƙa mata farar akuya ta daɗe tana kallon allo, ta ce "Malam na san akuya ce, amma doka ta ce tunkiya." Bayan an tashi ta dawo ta roƙi in ba ta kwalin, za ta je ta nuna wa kakarta. Na ba ta su duka. Na karin magana sai mako mai zuwa.