Na sayi mota a gwanjo na tarar da ɓoyayyen ma'aji a ciki, shin laifi ne a Amurka?

Dan_Kwatano:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin doka a taimaka. Ina zaune a Kolombus ta jihar Ohayo, sana'ata sayen motocin gwanjo ina turawa gida. Akwai wata da na saya, da bakanike ya ɗaga kujerar baya zai duba famfon mai sai ya ga an yanka ƙarfen ƙasan an yi walda an yi wani akwati, an shafe da fenti an mayar da kafet kamar ba a taɓa ba, har da wasu wayoyi guda biyu da suka bi ta ƙarƙashi suka nufi gaba. Ba komai a ciki wallahi, wayam yake. Amma bakaniken ya ce in kwashe motata daga garejinsa yau yau, wai a jihar nan akwatin kaɗai ya isa a ɗaure mutum. Gaskiya ne? To ni da ban yi ba kuma ban san wanda ya yi ba ya zan yi, in tura ta haka ko me?

Malam_Sabo:

Wa alaikumus salam. Bakanikenka bai yi ƙarya ba amma bai faɗa maka duka ba. Ohayo tana da wannan doka tun 2012, zamanin gwamna John Kasich aka sa mata hannu. Abin da ta ce shi ne laifi ne mutum ya ƙera ko ya gyara mota ya yi mata ɓoyayyen wuri da niyyar ɓoye ƙwaya ko safararta, haka kuma laifi ne ka tuƙa ko ka mallaki irin motar alhali KA SAN don ƙwaya ake amfani da wurin. Hukuncin yana kaiwa wata 18 a gidan yari da tara har dala 5,000. Wanda kuma aka taɓa ɗaurewa a kan babban laifin dillancin ƙwaya shi ko kusa, ba a yarda ya riƙe mota mai irin wannan wuri ba kwata-kwata.

Kuma dokar ta ware akwati ko sef da mutum ya sa don adana kuɗi ko kayan lantarki ko bindiga, muddin ba a samu ƙwaya ko ɓurɓushinta a ciki ba. Ka ga kenan magana a kan niyya take da sani. Kai da takardar gwanjo a hannunka mai kwanan wata kana da hujja. Amma kar ka ƙara hawa titi da ita ɗan'uwa, ka ɗauki hoton wurin yadda yake, ka nemi lauya mai shari'ar manyan laifuka kafin ka kira kowa, shi zai gaya maka ko a sanar da 'yan sanda ko a cire kawai.

HajiyaUmmi:

Malam Sabo a takarda haka ne, niyya, amma wa yake auna niyyar a bakin titi da dare? Ɗan sandan da ya tsayar da kai ne. A 2013 an kama wani mutumin jihar Jojiya a babban titin Ohayo, ba a samu ko ƙwaya ɗaya a motar ba, 'yan sandan suka ce sun ji warin wiwi sannan suka ga wayoyi suka bi su har suka kai ga ma'ajin, shi kenan aka tafi da shi. Ko da daga baya mutum ya fita ai ya kwana a ciki, ya biya beli ya biya lauya, motar kuma tana hannunsu, ga mu baƙi masu takardun zama da ƙaramin abu yake taɓawa. Ni abin da yake ci min rai kenan da irin dokokin nan, manyan dilolin ba su suke tuƙa motar ba.

Kuma ba ni kaɗai nake ganin haka ba, a jihar Ilinoi kotun ƙolinsu ta soke tasu dokar a 2008 saboda yadda aka rubuta ta tana iya cin wanda bai ji ba bai gani ba, mutum ya ɓoye kuɗinsa ko sarƙar matarsa saboda ɓarayi ya zama mai laifi, sai da suka koma suka gyara ta. Son ɓoye abu ai ba laifi ba ne, wace mace ce a cikinmu ba ta da inda take ɓoye gwal ɗinta.

Injiniya_Rewaya:

Hajiya na fahimce ki amma a matsayina na mai aikin wayar mota bari in faɗi gaskiya, akwatin da aka yi wa walda aka ja masa waya ba na ajiye sarƙa ba ne. Irin waɗannan ba sa buɗuwa da hannu, sai an danna wasu maɓallai a jere sannan ƙaramin inji ya ɗaga murfin, aiki ne na kuɗi masu yawa kuma duk mai yinsa ya san su wa suke biya. Akwai wani mai haɗa rediyon mota a Kalifoniya da ya shahara da wannan aiki, wata rana aka kawo masa Ford F-150 ma'ajin ya ƙi buɗuwa, da ya buɗe sai ga kuɗi sama da dala 800,000 cunkushe. Ya ci gaba da yi musu aiki bayan ya gani, to a nan ya faɗa. A 2011 kotun tarayya a Kansas ta same shi da laifi, daga baya ta ba shi wata 292, sama da shekara 24, alhali bai taɓa sayar da ƙwaya ba, da haɗa baki aka kama shi. Ni ina ganin hukuncin ya yi tsanani ƙwarai, amma ba zan ce bai san komai ba. Shi ya sa bakanikenka ya tsorata Dan Kwatano, kar ka ga laifinsa, yana tsoron a ce shi ya yi.

Shawarata bayan lauya ya ba da izini a yanke akwatin gaba ɗaya a mayar da ƙarfen yadda kamfani ya yi, a cire wayoyin, a wanke wurin sosai, a ba ka rasit. Wayam a idonka ba wayam ba ne a hancin kare.

Alhaji_Transit:

Ɗana kar ka kuskura ka tura ta haka, ina roƙonka. Kai kana tunanin Ohayo kawai, ka manta motar za ta bi ta hannun kwastan sau biyu. Can Amurka sai ka miƙa takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a loda ta a jirgi kuma suna da ikon bincike, nan kuma in ta sauka Legas ko Kwatano wanda zai je fitar da ita shi za a riƙe, yaronka ko ƙaninka da bai san hawa ba bai san sauka ba. Dokar kwastan ta Ingila tun 1979 ta ce duk jirgi ko motar da aka gyara don ɓoye kaya ta zama ta hukuma ko da kaya ko babu, kuma jami'an kwastan a ko'ina da wannan idon suke kallon irin motar.

Mu da muke harkar boda mun ga abin da ido, musamman lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shinkafa a cikin ƙofar mota, a ƙarƙashin kujera, har tankin mai ake rabawa biyu. Yanzu kuma NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, kullum cikin nuna manyan motoci suke da aka yi wa bene na ƙarya an cika da tramadol. Saboda haka jami'in da ya ga sabuwar walda a inda bai kamata ba, ba zai tsaya jin labarin gwanjo ba. Sannan ko ta wuce lafiya ka sayar wa wani bawan Allah, ranar da aka tsayar da shi a hanyar Jibiya ko Illela alhakinsa a wuyan wa? Ka kashe kuɗin lauya da na mai walda, in ribar motar ta tafi a nan ta tafi, Allah zai mayar maka ta wata hanyar.