Musayar Waƙa: Hoton Kwari Mai Dishi-dishi

Ɗan Yakasai:
Assalamu alaikum. Ga hoton da na ɗauka a Kantin Kwari bayan La'asar. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta, na bar idonta a buɗe na ɗan lokaci, don haka duk mai motsi bai fito sosai ba. A amsa da waƙa, amsa-amonmu "wa".

Na bar idon kyamara buɗe a Kwari,
Jama'a suka zam hayaƙi mai wucewa.
Ɗan dako da dila, ba ido ba hanci,
Inna mai gyaɗa kaɗai ke bayyanawa.

Baba Na Fagge:
Ɗana, hannunka ne ya yi maka rawa?

Na tsufa ina wankin hoto a Fagge,
Irin wannan a kwando muke zubarwa.
Mai fasfo in ya duba kunnensa babu,
Kuɗinsa zai karɓa, ba ya tsayawa.
Hoto amanar kamannin mutum ne,
Jika ya san kakansa bayan rasuwa.

Ɗan Yakasai:
Baba, Allah ya ƙara girma, da gangan na yi. A 1838 Daguerre, Bafaranshe daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauki hoton wani titi a birnin Paris. A lokacin sai an bar kyamara a buɗe na mintuna kafin hoto ya kama.

Titin cike da mutane da keken doki,
Hoton ya fito, duk sun yi ɓacewa.
Sai wani da ake goge wa takalmi,
Tsayuwa ce ta ba shi wanzuwa.

Malama 'Yar Dala:
Baba, a yi mini afuwa. Julia Margaret Cameron ta fara hoto a Ingila a 1863, masu sana'ar suka yi ta sukarta kan dishi-dishin hotunanta, ita kuwa ba ta fasa ba. Ni dai sutura na gani a nan.

Yau kowa da waya cikin aljihu,
Ana ɗaukar talaka ba tambayawa.
A miƙa masa buhu, a haska fuska,
Kafin Magariba Facebook na yaɗawa.
Wannan ya nuna nauyin da ke wuyansa,
Ya rufa asirin mai ɗaukowa.

Na Kurmi:
Yaya Malama, na ji ki, amma ban gamsu ba. Na yi dako a Kwarin nan kafin Allah ya buɗa mini tebur.

Da ma haka kuke ganinmu kullum,
Kyamara ba ta zo da baƙon abu ba kuwa.
"Kai mai kaya!" shi ne sunanmu,
Na yanka babu mai tambayawa.
Atamfa ta tafi Nijar, ta tafi Chadi,
A kan wuyanmu take fara tafowa.
Alhaji ya san launin kowace shadda,
Fuskar mai ɗauka ba ya tunawa.
Ga wancan mai jar hula can a gefe,
Da tafiyarsa nake shaidawa.
Kafaɗar hagu ta sauka, gammo ya cinye,
Yana da 'ya'ya, suna karantawa.
Ka nuna gaskiyar idon mutane,
Tamu gaskiyar fa, yaushe za ka nunawa?

Ɗan Yakasai:
Yaya Na Kurmi, maganarka ta shige ni. Wannan hoton zai zauna yadda yake, amma zan yi masa abokin zama.

Ka raka ni Kwari ran Asabar, Yaya,
Mu yi sallama, mu zauna gaisawa.
Wanda ya yarda, ya tsaya ya gyara hula,
Na ɗauke shi sarai, ba girgizawa.
Na rubuta sunansa a ƙasan hoto,
Biyun a jere zan yi ratayewa.

Malama 'Yar Dala:
Wanda ya ƙi kuma a ƙyale shi, ƙanena,
Fuskarsa tasa ce, ba a tilastawa.

Baba Na Fagge:
To, wannan aikin na san kansa. Ku biyo ta shago da safe kafin rana ta yi tsaka, hasken ya fi taushi.

Ku kawo su Fagge, ni zan wanke,
Kowa da kwafinsa, ba na cajewa.
Mai jar hula a yi masa guda biyu,
Ɗaya ya kai gida, yara su yi ganewa.