Neman shawara: yarona ya turo gyaran manhaja da ƙirƙirarriyar basira (AI) ta rubuta, na rasa yadda zan yi da shi

Sulaiman: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin damuwa, ku taimaka mini da shawara. Ina kula da wata ƙaramar manhaja ta lissafin rabon gado. Da yaren kwamfuta na Python na rubuta ta, tana GitHub, shafin ajiye kod ɗin manhajoji, a buɗe, kowa zai iya ɗauka ko ya kawo gyara. Akwai yaron da ke taimaka mini. Maƙwabcinmu ne a da, mahaifinsa ya rasu yana sakandare, ni na fara koya masa kwamfuta a kan tsohuwar laftof ɗina. Mahaifiyarsa har gobe idan mun haɗu sai ta yi ta sa mini albarka. Yanzu yana jami'a, bara ma aka sace wayarsa, da ƙyar aka haɗa masa wata. Yaro ne mai ladabi, ban taɓa jin an kawo ƙararsa ba.

Makon jiya ya turo gyara babba a kan gadon kaka da 'yan'uwan mamaci, ɓangaren da na daɗe ina ɗagawa saboda wuyarsa. Kod ɗin tsaf, gwaje-gwaje duk sun wuce. Sai na gwada da mamacin da ya bar kakansa na wajen uba da 'yan'uwa shaƙiƙai, na ga manhajar ta hana 'yan'uwan komai. Wannan ra'ayin Imam Abu Hanifa ne. A Malikiyya, wadda ita muka rubuta a shafin farko cewa muna bi, kaka ba ya katange su, tare suke ci. Na kira shi, ya ce ChatGPT ce ta rubuta, har da gwaje-gwajen. Ban amsa masa ba tun lokacin. In ƙi karɓa in karya masa gwiwa, ko in gyara da kaina in haɗa shi cikin manhajar?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Malam Sulaiman, rufe gyaran nan yau, ka rubuta doka cewa ba a karɓar kod ɗin ƙirƙirarriyar basira, shi ke nan. Ba kai ka fara ba, manyan manhajojin da ke a buɗe irin taka sun riga ka. Gentoo sun haramta shi tun watan Afrilun 2024, dalilansu uku: haƙƙin mallaka, inganci da ɗa'a. NetBSD a shekarar suka ce duk kod ɗin da irin waɗannan na'urori suka fitar gurɓatacce ake ɗaukarsa, ba ya shiga sai da rubutaccen izinin shugabanninsu. QEMU suka biyo baya a 2025. Su da ke da gogaggun masu bita sun ji tsoro, balle kai da kake kai kaɗai, kuma a kan dukiyar marayu.

Hajara: Malam, wane lasisi ka sa wa manhajar? Kuma ka taɓa rubuta ƙa'idar kawo gudummawa? Ba ka faɗa ba. Idan babu ƙa'ida, yaron bai karya doka ba, kuma da aka tambaye shi bai ɓoye ba. Injiniya ya kawo waɗanda suka hana ne kawai. Fedora a watan Oktoban 2025 sun yarda a yi amfani da AI, da sharaɗin mutum ya bayyana, ya sa alamar Assisted-by mai nuna AI ta taimaka, kuma shi ke da alhakin duk abin da ya turo. A ganina wannan ya fi dacewa da kai. Ka mayar masa, ka ce ya yanka gyaran ƙanana, ya yi bayanin kowane da bakinsa.

Sulaiman: Lasisin MIT ne, wanda ya bar kowa ya yi amfani da kod ɗin kusan yadda yake so. Ƙa'ida ban rubuta ba, don mu biyu ne kawai a aikin, ban ga amfanin rubuta wa mutum ɗaya doka ba alhali kullum muna waya.

Abdulhadi: Allah Ya ba ka haƙuri Malam. Ni abin da ke ci mini rai ke nan a wurin aikinmu. Oga ya ce kowa ya riƙa amfani da AI don a yi sauri, ya kuma rage mana kwanakin gama aiki. Yanzu ni ke kwana ina bitar abin da wasu suka fitar cikin minti biyar, ga rashin wuta, ga datar da nake saya da kuɗina. Idan abu ya lalace ni ake kira, ba wanda ya turo ba. Albashi kuwa yana nan inda yake.

Injiniya Bashir: Abin da Abdulhadi ya faɗa shi ne cutar. Rubutun ya zama kyauta, bitar ce ke cin mutum. Daniel Stenberg mai kula da manhajar curl tun farkon 2024 yake kuka da rahotannin matsalar tsaro na ƙarya da ake haɗawa da AI a turo musu, su ɓata lokaci suna bincike a banza. Hajara, alamar Assisted-by za ta mayar wa 'yan'uwan mamaci rabonsu? Sannan ga batun mallaka. Tun 2004 masu Linux suke sa hannu da Signed-off-by, wato mutum ya shaida yana da haƙƙin bayar da abin da ya turo. Wannan shaidar ce ta sa QEMU suka ƙi. Yaronka zai iya rantsewa cewa babu guntun kod mai lasisin GPL a ciki, wanda sharuɗɗansa suka fi na MIT tsauri? Ba zai iya ba, kai ma ba za ka iya ba.

Malam Nura: Ni ba sana'ata ba ce, karantarwa nake yi, amma ina ganin kun bar jaki kuna dukan taiki. Ko da hannunsa ya rubuta, yaron da bai karanta babin gado a gaban malami ba zai iya ɗebo hukuncin wata mazhaba daga intanet. Ku samu malamin fara'id ya rubuta muku mas'aloli da amsoshinsu, su zama ma'aunin da kowane gyara zai bi ta kai, ko mutum ya rubuta ko na'ura.

Hajara: Wannan ita ce magana. Babban aibin shi ne abin da ya rubuta kod shi ya rubuta gwajin, dole su yarda da juna. Kuma Injiniya, ta yaya za ka gane wanda ya karya dokar hanin? Gobe yaron zai yi amfani da ita ya yi shiru, ka rasa gaskiyar da yake faɗa maka yanzu.

Ummi: Malam Sulaiman, kai ba ka amfani da Copilot, AI mai taya rubuta kod, ko makamancinsa?

Sulaiman: Ina yi, amma ba ɗaya ba ne. Ni ina karanta kowane layi, kuma na yi karatun gado a zaure kafin in san kwamfuta. Malam Nura, na gode, sai dai sauran ɓangarorin ni na duba su da kaina, ban ga buƙatar ɗora wa wani malami nauyi ba. Mayar masa da gyaran kuma, ba ku san yaron ba, yana da zuciya, zai ɗauka kora ce. Shi ya sa nake tunanin in gyara wurin kakan kawai in haɗa, sunansa ya fito.

Injiniya Bashir: Ka gano kuskure ɗaya ne saboda mas'alar da ka gwada ke nan. Ka gwada Akdariyya, mas'alar nan mai wuya ta miji da uwa da kaka da 'yar'uwa? Ka gwada inda 'yan'uwa shaƙiƙai suka haɗu da 'yan uba a gaban kaka? Idan ka haɗa, ranar da wani gida ya raba dukiya da lissafin nan sunanka za a kira.

Abdulhadi: Mu ma haka aka yi mana, aka ce a gyara wuri ɗaya a wuce. Har yanzu muna kwashe ɓarnar.

Sulaiman: Akdariyya ban kai gare ta ba tukuna, aikin ofis ya yi mini yawa. Kuma an rubuta a manhajar cewa a tuntuɓi malami kafin a raba. Yanzun nan ma ya sake turo saƙo yana tambaya ko na duba.

Hajara: To me ka ce masa?